Tawada da Albarushi: Nazarin Aikin Yau da Kullum a Majalisar Dattawan Jihohin Kudu na Amurka, 1862 zuwa 1865

Idan ana ba da labarin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, janar-janar da filayen daga ne ke cinye hira. Ba a cika waiwayar wani ɗaki a birnin Richmond na jihar Bajiniya ba, inda mutum ashirin da 'yan kai kan hallara da tsakar rana, a yi addu'a, a karanta bayanin zaman jiya, sannan a shiga muhawara a kan kuɗin kan sarki, da albashin akawu, da farashin da gwamnati za ta biya manomi idan ta ɗebi masararsa. Wannan ɗaki shi ne Majalisar Dattawan gwamnatin da jihohin Kudu suka kafa bayan sun ɓalle. Aikinta na yau da kullum shi muke so mu bi a wannan nazari, domin a ganinmu abin da majalisar ta zartar cikin sauƙi, da abin da ta zartar da ƙyar, da abin da ta ƙi taɓawa har ƙasar ta rushe, sun fi jawaban shugabanninta bayyana dalilin kafa ta.

Ya kamata mu fara daidaita ma'anar kalmomin da za mu riƙa amfani da su. Gwamnatin a-ware ita ce wadda wani yanki ya kafa bayan ya yi shelar fita daga ƙasar da yake ciki, alhali uwar ƙasar ba ta amince ba. Tarayya tsari ne da jihohi suka miƙa wani yanki na ikonsu ga gwamnatin tsakiya, har dokarta ta hau kan tasu. Ƙawance kuwa tsari ne da kowace jiha ke ɗaukar kanta mai cikakken iko, gwamnatin tsakiya kuma 'yar aikenta ce kawai. Da yake sunan da jihohin Kudu suka raɗa wa gwamnatinsu yana nufin wannan ma'ana ta biyu, za mu kira ta Ƙawancen Kudu, mu kira gwamnatin Abraham Lincoln da ke Washinton Tarayya. Ƙudiri shi ne daftarin da aka gabatar wa majalisa, wanda ba ya zama doka sai majalisu biyu sun amince shugaban ƙasa kuma ya sa hannu, ko sun tara rinjayen da ya tsallake ƙinsa. Matsaya ita ce furucin majalisa na ra'ayi ko godiya ko neman bayani. Da muka ce aikin yau da kullum, muna nufin duk abin da ke bi ta gaban akawun majalisa a ranar zama, babba da ƙarami.

Gwamnatocin a-ware iri biyu ne ta fuskar yin doka. Akwai waɗanda ke mulki da dokar soja, inda shugaba ke sa hannu doka ta fito. Mai karatu a Najeriya ya san irin wannan daga Biyafara ta 1967 zuwa 1970, wadda ta kasance da majalisar tuntuɓa amma iko yana hannun Ojukwu. Akwai kuma waɗanda ke riƙe da zaɓaɓɓiyar majalisa duk da yaƙi, kuma Ƙawancen Kudu yana cikin wannan rukuni. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Masu ɓallewar ba su ɗauki kansu 'yan tawaye ba. Suna iƙirarin su ne magadan gaskiya na tsarin mulkin 1787, Arewa ce ta kauce. Mai irin wannan iƙirari ba zai iya mulki ba majalisa ba. Saboda haka zaman majalisar kansa hujja ce da ake kafawa kullum, ga mutanen gida da kuma Ingila da Faransa, waɗanda aka yi ta jiran su amince da sabuwar ƙasar har yaƙi ya ƙare ba su amince ba.

Majalisar Dattawan ba tare da ƙasar aka haife ta ba. Wakilan jihohin da suka fara ɓallewa sun haɗu a Montgomery ta Alabama ranar 4 ga Fabrairu 1861, suka mai da taronsu majalisar wucin gadi mai zaure ɗaya. Cikin dokokinta na farko akwai wadda ta ce duk dokokin Amurka da ke aiki a farkon Nuwamba 1860 za su ci gaba da aiki a Kudu, sai wanda ya saɓa wa sabon tsarin mulki. Wato an bar gida, amma an kwaso kayan ɗakin duka. An amince da tsarin mulki na dindindin ranar 11 ga Maris 1861, aka mai da babban birni Richmond, aka yi zaɓe a Nuwamba, sannan majalisu biyu suka fara zama ranar 18 ga Fabrairu 1862. Kujerun dattawa 26 ne, bibbiyu ga jihohi 13, kuma majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatoci, kamar yadda ake yi a Tarayya a wancan zamani. Jihohi 11 ne suka ɓalle da gaske. Sauran biyun, Kentaki da Misuri, suna hannun Tarayya, amma magoya bayan Kudu a cikinsu sun kafa gwamnatoci na jeka-na-yi-ka, aka kuma ba su kujeru. Za mu dawo kan wannan, don yana da nauyi fiye da yadda ake zato.

Mutanen da suka zauna a kujerun ba sababbin shiga ba ne. Robert Hunter na Bajiniya, wanda aka zaɓa shugaban riƙo, wato sanatan da ke jagorantar zama idan mataimakin shugaban ƙasa ba ya nan, ya taɓa zama kakakin Majalisar Wakilan Amurka, ya kuma daɗe a Majalisar Dattawanta. James Orr na Karolina ta Kudu shi ma tsohon kakaki ne. Louis Wigfall na Teksas, da Clement Clay na Alabama, da Albert Brown na Misisifi duk daga Majalisar Dattawan Washinton suka taso. Shugaban majalisar bisa tsarin mulki shi ne mataimakin shugaban ƙasa, Alexander Stephens na Jojiya, amma da dangantakarsa da shugaba Jefferson Davis ta yi tsami sai ya riƙa shafe watanni a gidansa a Crawfordville, ya bar wa Hunter kujera. Wurin zama kuwa aro ne. Majalisar Ƙawancen ta raɓa a ginin majalisar jihar Bajiniya, wanda Thomas Jefferson ya zana, kuma sau da yawa dattawan sukan matsu a wani ƙaramin ɗaki a bene, masu gida na amfani da zaurensu.

Tsarin ranar zama gado ne daga Washinton. Malamin coci daga cikin gari ya yi addu'a, a karanta littafin zama, a karɓi koke-koke da saƙonni daga shugaban ƙasa ko Majalisar Wakilai, kwamitoci su kawo rahoto, sannan a ɗauko ƙudirorin da ke layi. Ƙudiri yakan sha karatu uku, kuma tsakanin na biyu da na uku yakan je kwamiti, wato 'yan sanatocin da aka ware su duba wani fanni. Akwai kwamitin kuɗi ƙarƙashin Robert Barnwell, da na soja ƙarƙashin Edward Sparrow, da na sojan ruwa, da na shari'a ƙarƙashin Benjamin Hill, da na gidan waya, da na biyan diyya, da na ɗab'i. Har da na harkokin waje, a ƙasar da babu jakadan kowa a cikinta. Zaman kansa iri uku ne. Akwai buɗaɗɗen zama, wanda 'yan jarida da 'yan kallo ke shiga. Akwai zaman sirri, wanda ake rufe ƙofa don tattauna doka. Akwai kuma zaman naɗe-naɗe, shi ma a rufe, inda ake duba sunayen da shugaban ƙasa ya aiko. A rana ɗaya majalisa kan ratsa ukun, kuma kusan duk wata magana mai nauyi, ta kuɗi ko ta soja, a bayan rufaffiyar ƙofa ake yin ta. Jaridun Richmond, musamman Examiner, sun yi ta sukar wannan ɗabi'a, kuma ba su yi kuskure ba: jama'ar da ake ɗiban 'ya'yansu da hatsinsu ba sa jin hujjar wakilansu, sai dai su ga doka ta fito.

Wannan sirri ya shafi mu masu nazari ma. Littafin zaman majalisun Ƙawancen, wanda gwamnatin Amurka ta buga cikin mujalladi bakwai a 1904 da 1905, yana ɗauke da abin da aka gabatar, da gyare-gyare, da sunayen masu e da a'a, amma ba ya ɗauke da jawabai. Jawaban buɗaɗɗen zama sai daga rahoton jaridu ake tsinto su. Saboda haka abin da ke hannunmu ƙashi ne da ɗan nama kaɗan, sai dai ƙashin yana da amfani, domin ƙuri'a ba ta iya kwaskwarima kamar yadda jawabi ke iyawa.

Idan muka rarraba aikin, kashi na farko shi ne ƙananan hidimomi, kuma su suka fi yawa a shafukan littafin. Kafa hanyar wasiƙa tsakanin wannan gari da wancan, biyan wani jami'in da kuɗin gwamnati ya salwanta a hannunsa, ƙarin akawu a ma'aikata, matsayar godiya ga wani janar da rundunarsa, ƙarin albashin ma'aikata da na sanatocin kansu yayin da kuɗin haya da na abinci a Richmond suka gagara. A nan ne ake ganin 'yan sauye-sauyen da masu tsarin mulkin Kudu suka yi da niyyar tsuke bakin aljihu. Kowace doka dole ta tsaya kan batu ɗaya, a kuma ambace shi a takenta, don kada a cusa buƙatun kai cikin babban ƙudiri. Majalisa ba za ta ware kuɗin da sashen zartarwa bai nema ba sai da rinjayen kashi biyu cikin uku. Shugaban ƙasa na iya soke layi ɗaya a kasafi ya bar saura. Gidan waya kuma dole ya riƙe kansa daga 1 ga Maris 1863, abin da ya sa aka ɗaga kuɗin wasiƙa zuwa santi 10 tun 1862, shugaban ma'aikatar John Reagan kuma ya yi ta rage hanyoyi. Cikin wannan kashi za mu saka alamomin ƙasa: hatimi a ƙarshen Afrilu 1863, sabuwar tuta ranar 1 ga Mayu 1863, da gyaran tutar ranar 4 ga Maris 1865, saboda farinta ya yi yawa har ana tsoron a ɗauke ta tutar miƙa wuya. Wata guda bayan gyaran aka miƙa wuyan.

Kashi na biyu shi ne tabbatar da naɗi, kuma nan ne ikon da dattawa suka keɓanta da shi. Kowane janar, kanar, alƙali, har manyan masu gidan waya, sai sunansa ya bi ta gabansu, kuma sunayen kan zo ɗaruruwa a takarda ɗaya. Galibi akan wuce da su ba gardama. Amma da yake babu jam'iyyun siyasa a Ƙawancen, tun da an ɗauki rashinsu alamar haɗin kai, sai adawa ta rasa mazubi, ta koma ta mutum da mutum: wane na Davis ne, wane ba nasa ba. Wigfall, wanda ya fara a matsayin makusancin shugaban, ya zama jagoran masu sukarsa, yana kare Janar Joseph Johnston a duk saɓaninsa da fadar. Da Davis ya sauya Abraham Myers, shugaban sashen kayan soja, da Alexander Lawton a 1863, majalisa ta ja da shi a kan wanda ke riƙe da muƙamin bisa doka. A Arewa, Lincoln yana da jam'iyyar da zai lallasa ko ya tsawatar, yana kuma da jam'iyyar adawa da zai nuna da yatsa. Davis ba shi da ko ɗaya. Ya hau kujerar na ƙi, wato ya mai da ƙudiri bai sa hannu ba, fiye da sau 30, kuma sau ɗaya tak majalisa ta tara rinjayen da ya tsallake ƙin nasa, a kan aika wa sojoji jaridu ba kuɗin kan sarki.

Kashi na uku, ɗibar mutane, shi ne inda za mu daɗe. A bazarar 1862 wa'adin sojojin sa-kai da suka shiga na shekara ɗaya ya kusa cika, rundunar Tarayya ta Janar McClellan kuma tana dosar Richmond. Ranar 16 ga Afrilu 1862 aka kafa dokar ɗibar soja ta tilas, irinta ta farko a matakin ƙasa a tarihin Amurka: duk farar fata namiji daga shekara 18 zuwa 35 na gwamnatin tsakiya ne har shekara uku. A Satumba aka kai iyakar shekara 45, a Fabrairu 1864 aka mai da ita daga 17 zuwa 50. Sai mu lura da abin mamakin. Gwamnatin da aka kafa da sunan 'yancin jihohi ta tsallake gwamnoni ta miƙa hannu kai tsaye cikin gidajen mutane, kuma majalisar da ke wakiltar jihohin ta amince da babban rinjaye. Williamson Oldham na Teksas da Orr suna cikin 'yan tsirarun da suka ƙi, gwamnoni irin Joseph Brown na Jojiya da Zebulon Vance na Karolina ta Arewa kuma suka yi ta ja-in-ja da Richmond har ƙarshe.

Ainihin aikin yau da kullum a wannan fanni ba dokar ɗibar ba ce, jerin waɗanda aka ɗauke wa ita ne. Kowane zama sai an sake taɓa jerin: ma'aikatan jirgin ƙasa, masu haƙar ma'adinai, malaman makaranta, masu haɗa magani, limaman coci, editocin jarida, maƙera, majema. Kowace sana'a tana da mai yi mata magana. An kuma yarda mai hali ya ɗauki hayar wani ya je a madadinsa, sai a ƙarshen 1863 aka soke hakan, bayan farashin ɗan madadin ya kai dubban daloli. Sakin layin da ya fi kowane ɓata sunan majalisar shi ne na 11 ga Oktoba 1862, wanda ya ɗauke wa farar fata ɗaya aikin soja a duk gandun da ke da bayi 20 ko fiye. Hujjar ita ce a samu mai tsaron bayi, a kuma ci gaba da noma, musamman bayan Lincoln ya yi shelar farko ta 'yanta bayi a Satumba. Amma a kunnen talakan da bai mallaki bawa ko ɗaya ba, kuma su ne mafi yawan farar fatan Kudu, ma'anar ita ce yaƙi na masu kuɗi, mutuwa ta talakawa. Sanata James Phelan na Misisifi ya rubuta wa Davis a Disamba 1862 yana gaya masa irin baƙin jinin da dokar ta yi. An ɗora mata kuɗin fansa na dala 500 a 1863, aka rage adadin zuwa bayi 15 a 1864, amma ba a soke ta da wuri ba.

Kashi na huɗu shi ne kuɗi da kaya. Ƙawancen ya fara da bashi da buga takardun kuɗi, yana gudun haraji, kuma fiye da rabin abin da ya kashe daga injin ɗab'i ya fito. Da farashi ya hau, manoma suka ƙi sayar wa soja, jami'ai suka shiga ƙwacewa. Dokar 26 ga Maris 1863 ta halatta wannan karɓar tilas, ta kuma kafa hukumomin da za su tsara farashi, wanda kullum yake ƙasa da na kasuwa. Mako guda bayan haka, ranar 2 ga Afrilu, matan Richmond suka fasa shaguna suna neman burodi, a titunan da ke gangaren ginin majalisar. Ranar 24 ga Afrilu 1863 aka zartar da babbar dokar haraji: haraji a kan kuɗin shiga, kuɗin lasin sana'a, da ɗaya bisa goma na amfanin gona a karɓa da hatsi ko auduga ko nama. Bahaushe zai gane wannan da sunan ushira, sai dai wannan ba ta masu buƙata ba ce, ta rumbun soja ce. Abin lura shi ne abin da dokar ta tsallake. Dukiyar Kudu mafi girma ita ce ƙasa da bayi, amma dokar ba ta ɗora musu haraji ba, bisa hujjar cewa tsarin mulki ya ce irin wannan haraji sai an raba shi bisa ƙidayar jama'a, ƙidaya kuma ba ta yiwuwa ana yaƙi. Sai a Fabrairu 1864 aka ɗora kashi 5 cikin ɗari, aka kuma raunana shi da rangwame da kimanta dukiya bisa farashin kafin yaƙi. A ranar 17 ga wannan wata aka tilasta musanya tsofaffin takardun kuɗi, uku a karɓi biyu. Farashi ya ɗan lafa, ya sake tashi, har a ƙarshen yaƙi ya kai kusan ninki 90 na farkonsa.

Kashi na biyar gajere ne. Habiyas kofus umarni ne da alƙali ke bayarwa a kawo wanda aka tsare gabansa, a nuna dalilin tsare shi. Majalisa ta ba Davis ikon dakatar da wannan haƙƙi sau uku, a Fabrairu 1862, da Oktoba 1862, da Fabrairu 1864, kowane da wa'adi. Bayan na ukun ya ƙare a Agusta 1864 ba ta sake ba shi ba duk da roƙonsa.

Yanzu sai mu juya ga abin da aka ƙi yi. Tsarin mulki ya tanadi Kotun Ƙoli, amma har ƙasar ta rushe ba a kafa ta ba. Tushen rigimar tambaya ɗaya ce: shin za a iya ɗaukaka ƙara daga babbar kotun jiha zuwa kotun ƙawance? Hill yana ganin in babu haka kowace jiha za ta fassara dokar ƙasa yadda ta ga dama. William Yancey na Alabama, ɗaya daga cikin manyan masu kiran ɓallewa tun kafin yaƙi, yana ganin wannan ita ce ƙofar da Tarayya ta bi ta danne jihohi. A Fabrairu 1863 musayar kalamai ta kai Hill ya jefi Yancey da kwalbar tawada ya yanke shi a kunci, majalisa kuma ta rufe maganar a sirri. Daga baya dattawa suka zartar da ƙudirin bayan sun cire wa kotun ikon sauraron ƙara daga jihohi, ya je Majalisar Wakilai ya kwanta. Sakamakon shi ne kotunan jihohi suka zama masu yanke hukunci a kan dokar ɗibar soja. Yawancinsu sun goyi bayanta, amma babban alƙalin Karolina ta Arewa, Richmond Pearson, ya yi ta sakin mutanen da aka ɗiba, babu kuma wata kotu a sama da za a kai kuka. Haka nan tsarin mulki ya ba majalisa damar ba ministoci kujera su zo su amsa tambaya, ba ta taɓa yin dokar da za ta tabbatar da hakan ba.

Kafin mu zo ga batu na ƙarshe, akwai alkawarin da muka yi game da Kentaki da Misuri. Sanatocinsu huɗu suna wakiltar ƙasar da babu jami'in ɗibar soja ko mai karɓar ushira na Ƙawancen da zai iya taka ta. Gwamnatin Misuri ta masu goyon bayan Kudu ma a garin Marshall na Teksas ta ƙare, gwamnanta yana cike guraben sanatoci daga gudun hijira. Da yaƙi ya ci gaba sai irinsu suka ƙaru: Nashville ta faɗi a Fabrairu 1862, New Orleans a Afrilu, Vicksburg a Yuli 1863, abin da ya raba Teksas da Akansas da yammacin Luwiziyana daga sauran ƙasar. Masana tarihi Thomas Alexander da Richard Beringer, da suka bi ƙuri'un majalisar ɗaya bayan ɗaya a littafinsu na 1972, sun gano cewa babu abin da ya fi nuna yadda ɗan majalisa zai kaɗa ƙuri'a kamar ko mazaɓarsa tana hannun abokan gaba. Wanda gidansa ya riga ya tafi yana goyon bayan kowace doka mai tsanani, domin nasara ce kaɗai za ta mai da shi gida, kuma nauyin dokar ba a kan mutanensa zai faɗa ba. Waɗanda suka fi jan ƙafa su ne wakilan Karolina ta Arewa da Jojiya da makamantansu, inda ake ɗibar 'ya'ya da hatsi da gaske. Ashe rinjayen da Davis ya dogara da shi, wani ɓangarensa na mutanen da ke yin kyauta da kayan wasu ne.

Batun bayi shi ne ma'aunin duka. Cikin mutum kusan miliyan 9 na Ƙawancen, kimanin miliyan 3 da rabi bayi ne, tsarin mulki kuma ya haramta wa majalisa yin duk dokar da za ta taɓa haƙƙin mallakarsu. Stephens ya faɗa a fili a Savannah a Maris 1861 cewa a kan fifikon farar fata da bautar baƙar fata aka aza harsashin sabuwar ƙasar. Majalisa ta yarda a karɓi bayi na wucin gadi don haƙa ramuka da tuƙa keken kaya, tare da biyan iyayengijinsu, kuma a Fabrairu 1864 ta ƙayyade adadin da za a iya ɗiba don irin wannan aiki a 20,000. A Nuwamba 1864 Davis ya nemi a sayi bayi 40,000 don hidimar soja tare da alkawarin 'yanta su, majalisa ta share. Sai da Janar Robert Lee, wanda aka ɗaga zuwa babban kwamandan dukkan rundunoni a farkon 1865 bisa wata dokar da masu adawa da Davis suka tura, ya goyi bayan ba bayi bindiga, sannan maganar ta motsa. Duk da haka dattawa sun fara jingine ta. Majalisar jihar Bajiniya ta umarci sanatocinta biyu, Hunter da Allen Caperton, su kaɗa ƙuri'ar amincewa. Hunter ya miƙe ya yi jawabi yana suka, yana cewa in gwamnati za ta iya wannan to babu dalilin da ya rage na ɓallewa, sannan ya bi umarnin jiharsa. Ƙudirin ya wuce da 9 da 8, cikin kujeru 26. Dokar da Davis ya sa wa hannu ranar 13 ga Maris 1865 ta ƙayyade kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na bayi maza masu shekara 18 zuwa 45 a kowace jiha, ba ta kuma 'yanta kowa ba. Majalisar da ta ɗauki 'yan kwanaki a 1862 ta miƙa ɗan talaka ga soja ta ɗauki kusan shekara uku kafin ta yarda a nemi bawan mai gandu, shi ma da ƙuri'a ɗaya.

A ranar da ya sa hannu, Davis ya aika wa majalisa saƙo yana zarginta da jinkiri a kan kuɗi da ɗibar soja da habiyas kofus. Dattawa suka kafa kwamiti, kamar yadda suka saba, kwamitin ya rubuta doguwar amsa yana mai da laifin kan shugaban. Ranar 18 ga Maris 1865 majalisa ta tashi, bisa tsarin cewa za ta sake haɗuwa kafin ƙarshen shekara. Ranar 2 ga Afrilu gwamnati ta fice daga Richmond a jirgin ƙasa zuwa Danville, washegari sojojin Tarayya, cikinsu da rundunonin baƙar fata, suka shiga birnin, aka kafa tutar Amurka a kan ginin da dattawan suka yi zaman aro. Lee ya miƙa wuya a Appomattox ranar 9 ga wata.